Zaren da ke riƙe da jirgin

Jiya na sayi faifan wani tsohon fim na 'yan sama jannati a wani shago a unguwar Setapak, nan ƙasar waje inda nake zaune. An gyara shi, an goge duk tabon hoton, sauti ya fito tas. Da jirgin ya tashi zuwa duniyar wata, sai na ga babu zaren.

Marigayi kawuna ne ya nuna mini zaren nan. Tela ne, kuma duk rigar da aka miƙa masa sai ya juya cikinta ya duba kafin ya ce uffan. Ya taɓa zuwa nan a yi masa aikin ido, ya sauka a wurina. Ranar da aka cire masa bandeji ana ruwa, falon yana ƙanshin shayin citta, na kunna mana tsohon kwafin fim ɗin don rage zaman shiru.

Can sai ya ce, "Tsaya, ɗana. Mayar da shi baya."

Na mayar. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa talabijin.

"Da zare suka rataye shi. Baƙi, siriri. Ka gani?"

Ban gani ba sai da ya ɗora yatsa.

"To, ido ya dawo," in ji shi, ya ɗauki kofinsa.

Masu gyaran sun kyauta, sun bar asalin a faifai na biyu. Shi na kunna. Zaren yana nan, yana ɗan rawa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, fiye da yadda Ya haskaka maka idon nan.