Jirgin Kara a Kasuwar Dakoro

A gefen kasuwa, inda mata ke sheƙar gero, wani dattijo na tsaye, madubin idonsa ɗaure da zare. Yana riƙe da jirgin saman da ya ƙera da kara da takarda. An ce injiniya ne da ya aje aiki. Yadda yake shafa fikafikan, ina zaton tun ƙuruciya yake son ganin jirginsa ya tashi.

Ya dubi wata mai sheƙa. "Baiwar Allah, ke kika san iska. In saki?"

Ta kalli ƙaiƙayinta. "Dakata, Malam. To, yanzu."

Jirgin ya haye raƙuma uku kafin ya sauka. Dattijon na dariya har da hawaye.

Ta ce, "Na gaba, ka ƙera mai ɗaukar buhu."