Hasumiyar da Yaya Zainol Ya Juya

Shekara talatin yayana Zainol ya yi yana awon filaye a tsibirin Penang, amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi da tara tsofaffin zanen gine-gine, irin wanda ake kartawa a farantin tagulla a danna a takarda. Yana da su cike da akwati, kowanne a lulluɓe don gudun laima. Ko ni ƙanwarsa, sai na wanke hannu nake taɓawa.

Da unguwarmu ta tashi sake gina hasumiyar masallacinmu, wadda ta rushe tun lokacin yaƙi, Yaya ya kawo tsohon zanen masallacin daga akwatinsa wurin taro yana ƙafafa. Ga hasumiya nan tsaf, hagu da ƙofa.

Sai Inna Sepiah, mai sayar da shinkafar kwakwa, ta ce, "Zainol, a dama take. A gindinta mahaifina yake ajiye kekensa."

"Haba Inna! Ke da kike manta gishiri a miya, ke za ki ƙaryata takarda mai shekara ɗari da hamsin?"

Aka kwashe da dariya. Wallahi har da ni, kuma tawa ta fi ta kowa ƙara. Tsohuwa ta gyara mayafinta ta fita, ba ta ƙara zuwa taro ba. Aka gina hasumiya a hagu.

Bayan shekara uku, wata ranar Lahadi da hantsi, Yaya ya ƙwala mini kira. Na same shi sunkuye a kan zanen nan da gilashin ƙara girma a hannu, fuskarsa duk gumi.

"Rohana, dubi mutanen nan biyu a bakin ƙofa. Da wane hannu suke musabaha?"

Na duba. Da hagu! Wane Musulmi ne zai miƙa hagu a ƙofar masallaci? Ashe mai zanen ya karta abin yadda ya gan shi, da aka danna a takarda sai komai ya juye, kamar hatimi. Yaya ya san haka sarai, ya sha koya wa mutane. Ranar taron ce kawai bai tsaya ya duba ba.

Kunya ta hana shi fita kwana biyu. A na uku na ja shi gidan Inna Sepiah. Ya durƙusa, ya kama hannunta ya kai goshinsa.

"Inna, ke ce da gaskiya. A dama take. Ki yafe mini."

Ta girgiza kai tana murmushi. "A'a, ɗana, kada ka lallashe ni. Tun ranar nan na gane kaina ya tsufa. Jikokina ma in suka tambaye ni labarin da, cewa nake su je wurinka. Na daina ba su."

Har yau Yaya ta ƙofar baya yake shiga masallaci, don kada ya bi ta gaban hasumiyar.