Ruwan Alwalar Kawu Ɗanlami

Kawu Ɗanlami, ƙanin mahaifiyata, bai taɓa yin alwala a kan busasshiyar ƙasa ba. Kun dai san shi, buta a hannu yana neman gindin shuka. Har tumatir ya raya a bayan masallacin ƙauyenmu na wajen Toranke, da ruwan alwala kawai. Da Liman ya yi masa magana, cewa ya yi, "Allah gafarta Malam, ni lada biyu nake ci, kai ɗaya."

Babbar rigimarsa kuwa a kan rijiyar burtsatse ce. Wani alhajin Gaya ya haƙa wa masallaci ita, har da sola da tanki, ga gonar wakafi kwance a gefe ba mai noma ta. Kwamiti ya danna wa famfon kwaɗo, wai ruwan na ibada ne. Kawu ya kafe a ba matasa ruwa da gonar su yi noman rani. Da dalilinsa: autansa Sabi'u kaɗai ya rage masa a gida, shi ma ya fara zancen tafiya Legas acaɓa.

"Kayan Allah ne, Ɗanlami," in ji shugaban kwamiti.

"Na ji, Alhaji. Su kuma yaran nan bayin wa ne?"

Wata Juma'a ya iso da jarka huɗu a bayan jaki. Mai riƙe da makulli ya tare shi, ya ce na alwala kaɗai aka yarda a ɗiba. Kawu ko gezau. "Ai ita ce. Ta wata guda zan yi."

Ranar da aka zauna shawarar sa wa masallaci tayil, ya ɗaga hannu. "Don Allah ban da mai santsi. Tsofaffi ne kawai za mu rage."

Muka yi ta dariya, har da ni. Yanzu in na tuna, kunya nake ji.

Sabi'u ya tafi bayan girbi, sa'o'insa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya daina zuwa taron kwamiti, bai kuma ga wata damina ba. A maƙabarta aka nemi saurayi mai ƙarfin haƙa, aka rasa. Dattawa muka riƙa karɓa-karɓa da diga, ni mai furfura ni ne yaron cikinsu. Sabi'u bai iso ba sai ranar addu'ar uku.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya dawo mana da 'ya'yanmu gida tun muna da rai.