Shuɗin Ƙofar Sale

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Sale, kuma kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma gardama kam na sauke ta har da tilawa.

Sale ya ƙare ƙarfinsa a nan ƙasa mai tsarki, a ɗakin ajiyar jakunkunan alhazai da suka ɓata. Can ya gano alhazan Rasha ba sa cewa shuɗi su yi shiru. Mai duhu sini, mai hasken sama golubo, kowanne da sunansa kamar ja da kore. Ya ce tun da sunayen suka zauna a bakinsa, idonsa ke riga na kowa cafko jaka. Ni kuwa in yi ta masa dariya a unguwarmu Nuzla, ina cewa launukan biyu ai jirgi ɗaya ya kwaso su. Har ƙofarsa golubo ya shafa mata.

Bara matarsa Ummu Faisal ta koma wani bene mai ƙofofi barkatai. Ido ya yi rauni, ba ta ganin lamba. Ta roƙi a shafa mata launin tsohuwar ƙofa don ta riƙa gane ɗakinta. 'Ya'yanta uku, ƙarti, kowa wai mashgul ne, aiki ya sha masa kai. Suka turo ni. Na shiga shagon fenti a unguwar Sa'alaba na ce shuɗi, aka miƙo gwangwani, na je na shafa, halas, shi ke nan.

Ashe mai duhu ne, irin na maƙwabta. Ta dawo daga asibiti da rana tsaka, ta yi ta hawa da sauka tana ƙwanƙwasa gidajen mutane, har ta zauna a matakala tana kuka.

Abin da ke ci mini rai ke nan. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, mun ga rarrafe. Da Sale zai leƙo, me zai ce da 'ya'yan da ba su san launin ƙofar da suka girma a bayanta ba? Mutumin da ya mayar wa baƙi kayansu, ga iyalinsa ta ɓata a bakin ɗakinta. Gadonsa ido ne, kuma ba wanda ya ɗauka.

Na je ba da haƙuri, amma hali zanen dutse, sai na ce ai shuɗi shuɗi ne. Ta juyo.

"Alhaji, shekara talatin kana shan shayi a gindin ƙofar nan. Ashe kofin kaɗai kake kallo."