Kellu da Kakin Karan Dawa

Kellu 'yar wani ƙauye ce a hayin kogin Komadugu, ɓangaren Najeriya. A wurin kakarta ta koyi haɗa man shafawa da man riɗi da kakin zuma da ɗan turare. Mata masu tsinkar tattasai su ne masu sayensa, don yana kwantar musu da zafin hannu, yana haɗe kaushi.

Da rikici ya koro su, ta tsallako ruwa ta zauna a Assaga, wani ƙauye kusa da Diffa. Man riɗi akwai shi a kasuwar Diffa, amma kaki ya yi wuya, domin masu ɗibar zuma sun daina shiga daji. Ta gwada haɗawa ba kaki, rana na ɗagawa ya tsinke ya malale cikin kwando. Sai ta haƙura ta koma aikin gonakin mutane.

Wata rana da kaka, tana yankan dawa a gonar wata dattijuwa, Ya Fanna, ta ga baƙin zanenta ya yi fari fat da garin jikin kara. Ta karkata bidon, jarkar ruwanta, za ta wanke hannu, ruwan ya zuba kan karan. Bai jiƙa shi ba. Ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, ya gangare. Kellu ta tsaya cak. Haka ruwa yake yi a kan kakin kakarta.

"Ya Fanna, wannan farin fa, mene ne?"

"Ƙurar kara ce, 'yata. Tun ina yarinya nake kakkaɓe ta."

"Ki bar ni in kankara."

Dattijuwar ta yi dariya. "Kankari mana, dawar dai ki bar mini."

Ta yi kwanaki tana kankara da bayan wuƙa kafin ta tara cikin ɗan kwano. Ta zuba a tafasasshen ruwa, ta tace, ta ajiye a inuwa. Da ya huce sai ga wani siririn ɓawo a sama, mai tauri, yana karyewa kamar ɓawon ƙwai. Ta narka shi cikin mai, ta kai tsakiyar rana ta ajiye. Har la'asar bai tsinke ba.

Ta kai wa Ya Fanna. Dattijuwar ta lakata, ta murza a tsagaggen tafinta, ta daɗe tana kallon gonarta.

"Ikon Allah," ta ce daga baya. "Na tsufa cikin dawar nan, ashe Ya shafa mata mai tun kafin mu san mai."

Yau Kellu na zaune a Diffa. Kakin ba ya auki, shi ya sa gwangwanayenta ƙanana ne, kuma ba sa kai azahar ranar kasuwa. Duk kaka takan koma gonar, matan Assaga na biye da ita, kowace da wuƙarta.