Kaset ɗin Maigidana a Gonar Shinkafa

Samaru

Na tashi tun ladanin masallacin layinmu bai gyara murya ba. Na ɗaura zanen zumuntar mata, wanda ba na fito da shi sai biki ko jana'izar babban mutum, na ɗauki lema da jakata. Na san wasunku za su ce daga Samaru zuwa Sabon Gari ba tafiya ba ce. Masu faɗin haka ba su da gwiwa irin tawa, kuma ba su san abin da na fita nema ba.

Maigidana makaɗi ne. Ba kalangu ba, ba kotso ba. Gangunan Bature yake kaɗawa, waɗanda ake jerawa kamar kwanonin amarya, da farantan tagulla a sama, hannu biyu da ƙafa biyu kowa da aikinsa. A badujalar 'yan sanda ya fara, daga baya ya koma otal-otal na Sabon Gari yana yi wa samarin Ibo da 'yan Gana kiɗan da suke ce wa rok. Sai da furfura ta cika masa kai ya yi kaset da sunansa, guda ɗaya tak, ana ce masa Tsawar Rani. Mutanen Zariya ba su saya ba. 'Yan coci suka ce kiɗan mashaya ne, mashaya suka ce ba ya rawuwa. Namu na gida kuwa rediyo ya tauna shi tun da daɗewa.

To, likitan kunne ya gaya mana kunnensa na hagu ya tafi, na dama ma yana haɗa kaya. Rannan da safe na gan shi yana ƙwanƙwasa tebur da yatsu. Ya kai wani wuri ya tsaya, ya koma farko, ya sake tsayawa a nan. Ya ce, "Maman Ladi, na manta yadda na bi da tsakiyar waƙa ta uku." Ya yi dariya, amma kokonsa a nan ya huce bai sha ba. Na ce a raina kafin kunnen nan ya rufe, sai ya ji kaset ɗinsa.

A tashar bakin kasuwa kwandasta ya nuna min kujerar baya, tsakanin buhun albasa da 'yan jami'a biyu masu Turanci da sassafe.

Na ce, "Ɗan nan, dubi zanen nan da kyau. Ka taɓa ganinsa a baya?"

Direba ya leƙo ya ce, "A bar Mama ta zo gaba, kada ta sa mana baki."

Kwangila

Muna isa Kwangila rana ta fara leƙowa. 'Yan sanda sun tare hanya suna duba motoci. Wani ƙaramin kurtu, wandonsa ya fi shi girma, ya ce in buɗe jaka. Na buɗe masa. Goro ne, da man zafi, da kaset biyu na zumuntarmu da ba na rabuwa da su, don ni ce mai ba da waƙa a ciki.

Na ce, "Kai, da kake maci, wa ya koya wa ƙafarka hagu da dama? Ganga ce. Maigidana ya kaɗa wa iyayen gidanka maci tun uwarka ba ta fara tallan gyaɗa ba."

Yaron ya ƙame ya sara min. Direba ya ce gobe ma in zo, ko ba ni da inda za ni.

PZ

Na sauka a PZ masu shaguna suna ɗage ƙofofi. Na zauna wurin wata mai waina na karya. Wainar ba laifi, miyar kuwa sai dai mu yi mata addu'a.

Daga nan na nufi layin masu kaset. Na farko saurayi ne mai tabarau, lasifikarsa tana ta kuka da waƙar Indiya.

"Hajiya, na wa'azi ko na fim?"

"Mama ake ce min. Tsawar Rani nake nema."

"Ban taɓa ji ba. Wa ya yi shi?"

"Maigidana."

"To, sunansa?"

Nan tafiyata ta ci karo da bango. Tun ranar da aka kai ni gidan mutumin nan sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ko a gaban fasto. Sai a tsakiyar PZ, gaban yaro mai tabarau?

Na ce, "Kai uwarka tana kiran sunan ubanka?"

"Wallahi tana kira, Mama, in ya ɓata mata rai."

"Shi ya sa ka fito haka."

Kafin ka ce me, mutane sun taru suna taya ni. Mai shayi ya ce Audu. Mai facin taya ya ce Garba. Wani da bai ma san abin da ake yi ba ya ce Sule. Na ce su yi shiru in ba su alama: sunan mutumin nan ne da haske ya makantar a hanyar Dimashƙu. Suka dubi juna. Mai shayi ya tambaya ko hanyar Funtuwa ce ake bi.

Sai wani tsoho daga shagon gyaran rediyo na tsallake ya kwaɗa sunan da ƙarfi, har da laƙabinsa na otal. Na ja gyale na rufe fuska. 'Yata Ladi da ke rubuta min wannan ta ce dole a sa sunan don masu karatu, to da hannunta ta sa, ba da bakina ba: Bulus.

Tsohon nan Oga Okeke ne, Ibo, amma a Sabon Gari haƙoransa suka fito suka kuma zube. Ya ba ni kujera, ya aika a sayo min lemo.

Ya ce, "Mama, ke ce matarsa? Kin san abin da mijinki ya yi a kaset ɗin nan? Mai jita yana gudu, mai waƙa yana ihu, shi kuwa yana baya yana riƙe da su duka kamar mai kiwon awaki. A waƙa ta uku kowa ya yi shiru aka bar shi shi kaɗai. Na sha sa wa mutane wurin nan, sai su ce in canza."

"To ba ni ɗaya."

Ya sosa ƙeya. Ya ce katan-katan sun zauna a shagonsa har ɓera ya yi jikoki a ciki. Sai wani manomi daga bayan Muchia, Malam Tanimu, ya fara zuwa duk damina yana kwasa. Ba ya karɓar kowane kaset sai wannan. Ragowar ƙarshe ma kwanan nan ya tafi da su.

Na gyara zama. Ashe akwai mai kunne a ƙasar Zazzau! Na ce lallai in ga wannan bawan Allah in gaishe shi.

Hanyar Muchia

Ban taɓa hawa acaɓa ba, kuma ban yi niyyar mutuwa a kansa ba. Na zauna a karkace, ƙafafuna gefe ɗaya, lemata a buɗe.

Ɗan acaɓan ya ce, "Mama, ki rufe lemar nan, iska za ta ɗauke mu."

"In ka yi gudun da iska za ta ɗauke mu, da ita zan rafke ka."

Haka muka ratsa Muchia, masu tura baro suna wuce mu suna yi mana sannu. Inda gidaje suka ƙare hanya ta zama taɓo, na sauka na ƙarasa da ƙafa, takalmina a hannu.

Fadama

Tun daga nesa na hango gonar tana walƙiya. Shinkafa ta fara nuna, an kafa sanduna, an ja wani baƙin zare mai sheƙi daga sanda zuwa sanda, iska tana kaɗa shi yana ɗan kuka. Na ce a raina mutumin nan har gonarsa yake wa ado.

Na sami Malam Tanimu a tsugune, dattijo mai hular kaba. Muka gaisa har da tambayar ruwa. Na ce ni ce iyalin mai Tsawar Rani, na zo in ga mutumin da ya san darajar kiɗa.

"Wace waƙa ka fi so a ciki, Malam?"

Ya dube ni. "Au, akwai waƙa a ciki?"

Sai a lokacin na ga abin da ke hannunsa. Kaset ɗin maigidana ne, ga hotonsa da sandunan kiɗa, an zaro hanjinsa an ɗaure a sanda. Na waiga na dubi gonar tun daga wannan kunya har waccan. Duk baƙin zaren nan maigidana ne.

Na zauna a ƙasa da zanen zumunta.

Malam Tanimu ya ce, "Baiwar Allah, in mijinki ne ya yi wannan, ki gaishe shi. Na gwada na Indiya, rana ɗaya ya tsinke. Na gwada na wa'azi, tsuntsaye suka zauna a kai. Wannan kuwa zarensa kauri gare shi, in iska ta taso yana gurnani, tsuntsun nan jan baki ko kusa ba ya zuwa."

Raina ya ɓaci, amma ban ƙi jin cewa ya fi na Indiya ba.

"Saura nawa?"

"Wannan ne na ƙarshe. Kusurwar can ta rage, kuma nan suke sauka."

Na gaya masa zancen kunne. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya kuma ce shinkafar nan ita ce abincin gidansa, kusurwa ba za ta kwana tsirara ba. Gaskiyarsa ce. Na buɗe jaka na fito da kaset biyun nan na zumunta. Ya karɓi ɗaya, ya zaro zaren da farce, ya ja, ya ɗaga shi a rana kamar mai sayen atamfa.

"Wannan siriri ne."

"Muryata ce a ciki, Malam. Mata sun yi kuka a kanta har Kafanchan."

"To, ko za su ji tsoro. Kawo duka biyun."

Ya fere guntun kara ya zura a ramin kaset ɗin maigidana. Ni ina murzawa, shi yana gaba yana kwance zaren daga sanduna, muna tafe cikin taɓo kamar masu jan akuya mai taurin kai. Wani wuri rana ta dafa shi tun safe, wani wuri tsuntsu ya rama abin da aka yi masa, na goge da bakin gyalena. Dab da ƙarshe zaren ya tsinke. Na yi salati irin na Musulmi ban sani ba.

Komowa

Oga Okeke ya ce tsinkewa ba komai ba ne. Ya aro jan farce wurin matarsa, ya ɗiga a bakin zaren, ya haɗa, ya hura masa iska. Ya miƙa hannu zai sa a rediyonsa, na riƙe hannun. Na ce kunnen da aka yi tafiyar nan dominsa shi zai fara ji.

A motar komowa ban nemi gaba ba. Na zauna a baya, jakata a ƙirji, ruwa yana ɗiga ta rufin motar ina kare ta da lema. Kwandasta ya ce ba a buɗe lema a cikin mota. Na ce ba a kuma yin ruwa a cikin mota.

Gida

Ana kiran la'asar na shiga. Yana zaune a kujerarsa, ya dubi taɓon da ke zanena ya ce, "Wa ya mutu a rafi?"

Na ɗauko rediyo na ɗora a kan tebur ta wajen kunnensa na dama, na sa kaset, na murɗa ƙara har ƙarshe. Da gangar farko ta faɗo, kajina suka watse. Shi kuwa ya kwantar da kansa a jikin rediyon kamar jariri a bayan uwa. Ya jawo tiren shayi gabansa.

Waƙa ta ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce, maƙwabta sun cika ƙofa. Ta uku ta shigo. Mai jita ya yi shiru, mai waƙa ya yi shiru, aka bar shi shi kaɗai, yatsunsa suna bi a kan tire. Daidai nan sautin ya nutse kamar an tura rediyon cikin randa. Wurin da rana ta dafa ne. Na ce a raina duk wahalar nan a banza.

Hannunsa bai tsaya ba. Idonsa a rufe, ya ci gaba a kan tire, cokula suna tsalle, ya wuce inda yake tsayawa rannan, ya gangara, ya hau. Da sautin ya taso daga ruwa, shi da kaset suka daki farantin tagulla tare, ba wanda ya riga wani.

Ya buɗe ido ya ce, "Ashe nan na bi."

Sai ya tambayi inda na samo shi. Na gaya masa gaskiya, har da jan baki. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Suna gudu?"

"Ko ɗaya ba ya sauka."

"To, kawo min koko, ki maido shi farko."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafafuna biyu. Na gode wa Oga Okeke da jan farcen matarsa, da Malam Tanimu, da direban da ya san girman zane. Wadda ta bi ta bayan Muchia ta ga siririn zare a kusurwar gona da tsuntsaye a kai, kada ta ce ba sa tsorona. Sauraro suka tsaya yi.

Ku kuma matan layinmu da kuke aiko yara a ce in rage rediyo, na ji saƙonku. Ku yi haƙuri. Likita ya ce ba za a daɗe ba, ni kuwa ba zan rage ba.