'Yar Farin Malam Iro Mai Rijiya

Har gobe ban manta da wata ranar Talata da Malam Iro mai rijiya ya zauna a dandaryar ƙasa a ofishina, ya ce in cire sunansa daga takardun 'yarsa ba. Na daɗe ina so in ba ku labarin nan, musamman ku da kuka kama aiki bayan na yi ritaya, don na san irin wannan fayil zai zo teburin ɗayanku ko ba jima ko ba daɗe.

A lokacin ni ce malamar jarrabawa a wata sakandaren 'yan mata ta ƙasar Gwarzo. Ga wanda bai san aikin ba, malamar jarrabawa ita ce mai haɗa takardun 'yan aji shida kafin a yi musu rajistar jarrabawar fita da ta shiga jami'a. Kowace yarinya da fayil ɗinta: hoto, shaidar haihuwa, sai takardar shaidar asali, wadda muke kira indijin. Ita wannan takarda ba a ofis ake fara ta ba. Mai unguwa ne zai fara sa hannu cewa ya san gidanku, sai dagaci, sai hakimi, sannan a kai sakatariyar ƙaramar hukuma a buga hatimi. Da ita muke kai yara a yi musu lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma ko yarinya ta ci jarrabawa, jami'a za ta nemi ganinta kafin ta ba ta gurbi.

Saura mako uku a rufe rajista, na zauna ina duba fayil-fayil, sai na tarar da na Sa'adatu Iro babu komai sai hoto. Raina ya ɓaci. Sa'adatu ce ke zuwa ta ɗaya a ajinsu tun daga aji ɗaya, yarinya ce siririya marar hayaniya, wadda in ta tashi amsa tambayar lissafi sauran har numfashi suke saukewa don sun san sun tsira. Ni kuwa kun san ni da faɗa. Na sa aka kira ta, na wanke ta tas, na ce ko ilimin ne ya hau mata kai har take ganin ta fi ƙarfin kawo takarda. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malama, mai unguwarmu ya ce ba zai iya sa hannu ba. Wai Baba ba ɗan ƙasar nan ba ne."

Kunya ta kama ni. Duk wanda ya zauna a Getso, garin su Sa'adatu, ya san Malam Iro, amma ban taɓa tunanin daga ina ya fito ba. Ashe yana saurayi ya tako daga ƙasar Damagaram a wata shekarar fari, shi da wani kawunsa, da ƙafa, babu takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Kawun ya koma, shi ya zauna yana haƙar rijiya. Ya yi aure a nan, ya binne matarsa ta fari a nan, gemunsa ya yi fari a nan. A can ma babu wanda zai iya shaidarsa yanzu, don ba a taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba. Mai unguwar kuma ban ga laifinsa ba, domin fom ɗin cewa ya yi ya shaida uban yarinya ɗan asalin garin ne, shi kuwa ya ga ranar da Malam Iro ya shigo da buhunsa a ka.

Na kai maganar wurin shugabar makarantarmu. Hajiya ta ce, "Malama Rabi, ke ma kin san yadda ake yi. A samu wani mutumin kirki ya sa ta a cikin 'ya'yansa." Haka ne, na sani. Akan rubuta sunan maƙwabci a gurbin uba, mai unguwa ya kau da kai, takarda ta fito. Kafin kwana biyu har an samu wani Alhaji maƙwabcinsu, mai sayar da hatsi, ya ce ya yarda don Allah. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yarda. Har na cike sabon fom da sunan Alhajin, na shirya takardar sauya suna da za a kai kotu, saura uban ya zo ya dangwala yatsa.

Ranar Talatar ya zo da hantsi. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, na nuna masa kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, na tambayi damina. Hannayensa na kalla: duk sun tsattsage, jar ƙasa ta zauna a cikin faratan har ta zama launinsu. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce in ya dangwala, daga yau a takarda 'yarsa ta zama 'yar wani.

Ya ce, "Malama, a cire. Ni sunana bai taɓa yi wa kowa amfani a takarda ba. In dai shi ne zai tare wa yarinyar nan hanya, a cire shi."

Na ce, "Malam, ka yi shawara da ita?"

"Ita wannan ai yarinya ce. Abin da na ce shi za ta yi."

Duk da haka na aika aka kira ta. Ta durƙusa daga can gefe, shi kuma ya mai da fuskarsa wajen taga kamar bai ga shigowarta ba. Na karanta mata sabon sunan. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Malama, kin taɓa tambayata me nake so in karanta, na ce ilimin ƙasa da ruwa. Baba yakan ɗanɗani ƙasa ya ce a nan akwai ruwa, a haƙa a tarar. Dalilin nake so in sano. Yanzu in na gama aka kira sunana a gaban mutane, wa za a ce ya haife ni?"

Na buɗe kwalin tawadar dangwale na ajiye, amma hannuna ya ƙi miƙa masa. Don in sami abin faɗa, sai na shiga tsokanarsa. Na ce, "Malam Iro, tun ɗazu kake 'yarinyar nan', 'ita wannan'. Ba ta da suna ne?" Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Sa'adatu ta ce a hankali, "Ni ce ta fari, Malama. Bai taɓa faɗar sunana ba."

Ai kuwa sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Ni mace ce, na haihu shida, kuma na san inda na haifi na farko. A al'adarmu cikin fari a gidan iyayen mace ake goyonsa, a can za ta haihu, a can za ta yi wankan jego. Na ce, "Malam, marigayiya mahaifiyarta 'yar ina ce?" Ya ce 'yar Durun ce ta ƙasar Kabo, ya je haƙa musu rijiyar masallaci aka ba shi ita. Na ce a ina aka haifi Sa'adatu? Ya ce a can, a ɗakin kakarta. Mu duka, da ni da Hajiya da mai unguwa, mun yi mako guda muna juya asalin uba, babu wanda ya tuna yarinyar tana da uwa. Mun saba ɗa na uba ne, ita kuma uwar ta rasu Sa'adatu na shekara uku, sai maganarta ta bi ta ƙasa.

Na rufe kwalin tawada, na ce su ba ni kwana huɗu. Da yamma na je wurin yayan maigidana, wanda ya daɗe yana aikin rajista a kotu. Ya ce a dokar ƙasa, wanda aka haifa a nan, in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne, uwa ko uba duk ɗaya. Amma ya gargaɗe ni cewa a ofisoshi an saba bin uba, wani zai karɓa wani ya ƙi, don haka kada in je hannu biyu, in fara samo sa hannun masu gari.

Ranar Asabar muka hau mota ni da Sa'adatu zuwa Kabo, daga nan muka hau babur zuwa Durun. Gero ya yi kai, hanya duk caɓi, sai da na sauka sau biyu ina riƙe da zani, ina yi wa ɗan acaɓa faɗa kamar shi ya yi ruwan. Kakarta, Inna Yalwa, tsohuwa ce tukuf amma bakinta da kaifi. Tana ganin jikarta ta ce, "Ja'ira, sai da kika ga uwar bari kika tuna da ni?" Da na faɗa mata abin da ya kawo mu, ta dafa bango ta miƙe, ta ja ni bayan ɗaki. Ta nuna mini wani wuri gindin katanga ta ce nan aka binne mabiyiyar Sa'adatu. Ta nuna mini ƙatuwar tukunyar da aka yi wa uwar ruwan wanka, tana kife har yanzu. Ta ce, "Wa ya ce ba 'yar garin nan ba ce? A kawo shi in gan shi."

Ita ta raka mu ƙofar gidan mai unguwa. Dattijon ya saurare ni har na gama, ya shafa gemu ya ce, "Malama, maganarki na ji, amma mu a saninmu ɗa na uba ne." Na maimaita masa abin da yayan maigidana ya faɗa, na ce ba cewa nake ya shaida Malam Iro ɗan Durun ne ba. Abin da ya gani kawai nake so ya rubuta. Ya ce, "Abin da na gani? Ni na raba goron sunanta. Kakanta da ni tare muka yi karatun allo. Ruwan da na yi alwalar azahar da shi ɗazu ma, ubanta ne ya haƙo shi." Ya aika aka kawo biro, ya sa hannu, ya ce gobe da kansa zai kai wa dagaci.

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Sau uku ina zuwa sakatariya, ina barin ajina a hannun wata malama. Jami'in farko ya ce bai taɓa yin irin wannan ba, sai mai gidansa ya dawo. Da mai gidan ya dawo, ya karanta wasiƙar hakimi sau biyu, ya tambayi Sa'adatu sunan kakanta da unguwarsu, sannan ya buga hatimi. Muka yi mata rajista saura kwana biyu a rufe. Fom ɗin da na cike da sunan Alhaji kuwa na yayyaga shi da hannuna, na kuma je har gida na yi masa godiya, don shi da zuciya ɗaya ya yi.

Kada ku ɗauka kullum haka ake dacewa. Bayan Sa'adatu na haɗu da yaran da uwa da uba duk daga ƙetare suka zo, an haife su a nan, ba su san wata ƙasa ba sai wannan, kuma ban sami ƙofar da zan buɗe musu ba. Wasu har yanzu in na tuna su raina yana sosuwa. Abin da na koya dai shi ne, fom tambaya ɗaya yake yi, mu kuma muka saba tsayawa inda ya tsaya. Kafin ku ce wa yaro babu hanya, ko ku nuna masa ta ƙarya, ku kira iyayensa ku zauna da su, ku saurari har abin da ba sa faɗa.

Bayan shekara guda Malam Iro ya sake zuwa ofishina, ya zauna a inda ya zauna wancan karon. Ya zaro takardar samun gurbin karatu daga cikin leda, ya ce shi bai iya boko ba, in nuna masa inda aka sa shi. Na ɗora yatsana a kan layin, na karanta masa: Sa'adatu Iro. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya goge yatsansa a jikin rigarsa sannan ya taɓa takardar.

Ya ce, "Malama, ƙara karantawa."

Na ƙara. A karo na uku na ga laɓɓansa suna bin nawa, tun daga sunan farko. Na yi kamar ban gani ba, na juya ina gyara fayil-fayil har ya gama.